Daga Bakin Rumfa: Kunnen Ɗan Hamsin da Gonar Nabot

  Wannan makon na ajiye maganar canjin sidi da kuɗin fiton kaya a boda. Waƙa nake so mu taɓa, sannan shugabanci, don ni dai ɗayar ce ta ja ni har ta kai ni ga ɗayan.

Bari in fara da tambaya. Yaushe rabonka da wata sabuwar waƙa ta kama ka? Ban da wadda yara suka kunna a gida ka ce su rage sauti, ina nufin wadda kai da kanka ka nema ka sake ji. Ɗauki wayar duk wani sa'ana, mu da muka haura hamsin, ka duba. Bayan karatun Alƙur'ani da wa'azi, Shata ne, Ɗanƙwairo ne, Narambaɗa, Ɗan Maraya. Iyayen gida kuma Barmani Coge. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma a motocinmu har yau su ne suke tashe. Wani bincike da kamfanin Deezer ya yi a 2018 ya nuna yawancin mutane wajen shekara 30 suke daina neman sabuwar waƙa. Mu baƙi namu ya fi haka, domin a wurin baƙo waƙa gida ce da ake sawa a aljihu. Kalangun Shata in ya tashi a Aboabo, sai ka ji ƙurar Funtuwa a hancinka. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara talatin a ƙasar Tonawa, ya iya ciniki da yarensu, ya iya faɗa da shi, ya saba da fufu da miyar kwakwa, amma ka tambaye shi sunan mawaƙinsu ɗaya sai ya ce ai shi duk hayaniya yake ji.

Na san cikin masu karatu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, bisa fatawar malamansu, kuma ina girmama wannan. Abin da ya fara kama ni dai murya ce zalla, ba ganga ba kalangu. A bayan layin rumfunanmu akwai wani cocin Methodist, mawaƙansa suna bita sau biyu a mako, tsakanin La'asar da Magariba, daidai lokacin da kasuwa take sanyi mutum yana lissafin cinikin rana. Ban taɓa shiga ba, ba kuma wanda ya ce in shiga. Taga ce a buɗe, iska take kawowa.

Waƙarmu ta Hausa mun san tsarinta: uban kiɗi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, kowa a kan hanya ɗaya. Su kuwa sun kasu gida huɗu. Mata masu siririyar murya, mata masu kaurin murya, maza masu hawa sama, da maza masu zama can ƙasa kamar rugugin hadari daga nesa. Kowane gida da hanyarsa, ba wanda yake bin sawun wani, sai a ƙarshen baiti ka ji duk sun sauka wuri ɗaya, kamar motoci huɗu da suka tashi daga tasha huɗu suka iso kasuwa lokaci guda. Kunnen da ya saba da amshi da farko rikici yake ji. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in bar sauran in bi masu muryar ƙasa kaɗai, daga farko har ƙarshe. Bayan 'yan makonni sai na ƙara gida na biyu a kai. Ran da na fara jin huɗun a tare, kowanne daban kuma duk abu ɗaya, wallahi sai da na ajiye biro.

Maƙwabciyata a layi wata dattijuwa ce Bafantiya mai sayar da atamfa, Maame muke ce mata, ita kuma Alhaji take ce mini. Ita ce ta gaya mini cewa yawancin waƙoƙin da suka fi shiga raina na Ephraim Amu ne. Mutumin Peki ne, an haife shi a 1899, ya rasu a 1995, waɗanda suka riski tsohuwar takardar sidi 20,000 sun ga hotonsa a kanta. Malami ne a kwalejin horon malamai ta cocin Presbyterian da ke Akropong. Ya ɗauki tsarin murya huɗu na Turawa ya ɗora a kan tashi da faɗuwar harshen Twi da Ewe, ya kuma gyara sarewar gora da suke kira atenteben har ta shiga makarantu. A farkon shekarun 1930 ya hau mumbari yana yafe da zane irin na mutanen ƙasar, maimakon kwat da wando. Dattawan cocin suka ce ya daina, ya kuma rabu da ganguna. Ya ƙi, aikinsa ya tafi, ya koma Achimota. Yau irin wannan zanen ake sawa a je cocin da ya kore shi, waƙoƙinsa kuma su ake rerawa a ciki. Daga Amu na gangara wajen Koo Nimo da jitarsa mai sanyi, wanda in ka saurare shi da kyau za ka ji ɗan uwan Ɗan Maraya ne: mutum ɗaya, tsirkiya, da labarin talaka.

Akwai wani nau'i kuma da Maame ta fi so, na Fantawa, ebibindwom. Methodist sun sauka Cape Coast a 1835, suka zo da littafin waƙoƙin Turanci wanda tsofaffin mata ba sa iya karantawa, sai su kuma suka ɗauko salon waƙarsu ta gargajiya, mai ja da masu amsawa, suka zuba labaran Littafi Mai Tsarki a ciki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ana iya tayar da ita a tsakiyar huɗuba. Fasto yana cikin magana, wata tsohuwa daga kan benci ta ɗaga murya, jama'a su karɓa, shi kuma dole ya tsaya ya jira su gama. Na ce, “Maame, a yanke wa liman magana?” Ta yi dariya ta ce, “Alhaji, ai ba nasa ba ne shi kaɗai.”

To, a nan maganar ta juya. A ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, wadda ba zan kama sunanta ba, an sake rabon rumfuna bayan wani gyara. Akwai wani ɗan uwanmu da ya rasu, wanda ya fi shekara ashirin yana riƙe da rumfar kan kwana. Matarsa ce ta ci gaba da zama a ciki, da ita take ciyar da marayu. Da aka fito da sabon jeri, sai ga ta an mayar da ita can baya kusa da kwata, rumfar kwana kuma ta faɗa hannun wani surukin manya. Ba wanda ya zo da sanda. An kira taro, an yi addu'ar buɗewa, mutum biyu sun shaida cewa marigayin ya bar bashin kuɗin wata, sakatare ya rubuta, an buga hatimi. Shugaba ma ba ya wurin ran nan, ya yi tafiya. Da labarin ya kai kunnen Maame, abin da ta ce kawai shi ne, wannan gonar Nabot ce. Ban san labarin ba, sai ta ba ni, daga baya kuma na nemi fassarar Hausa na karanta da kaina. Tun 1932 aka buga Littafin nasu gaba ɗaya da Hausa, samunsa ba wuya. Yana cikin littafin Sarakuna na fari, sura ta 21.

Ahab sarkin Isra'ila ne, Nabot kuma talaka mai gonar inabi a jikin fadar sarki a Yezreyel. Sarki ya so gonar don ya yi lambu. Lura fa, bai fara da ƙwace ba. Tayi ya yi mai kyau: ko a ba Nabot wata gonar da ta fi ta, ko a biya shi kuɗinta. Nabot ya ƙi, don gadon kakanninsa ce, kuma a shari'arsu ba a rabuwa da gado haka nan. Sarki ya koma gida ya kwanta ya juya wa duniya baya, ya ƙi cin abinci. Matarsa Yezebel ta ce ya bar mata. Ba ta aika soja ko ɗaya ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin su Nabot cewa su yi shelar azumi, su zaunar da shi a gaban jama'a, su samo mutum biyu su shaida ya zagi Allah da sarki. Dattawa suka yi yadda aka ce, aka jefe shi har ya mutu. Ahab ya tashi ya tafi karɓar gona, bai tambayi yadda aka yi ta zama tasa ba. A cikin gonar Annabi Iliya, wanda mu muke kira Iliyasu, ya tare shi, ya ɗora masa laifin kisan da na ƙwacen a kansa shi kansa.

Na daɗe ina juya wannan labari. Kiristoci sun ɗauke shi ginshiƙi a maganar mulki, kuma na ga dalili. Zaluncin da ke cikinsa duk ta hanyar ƙa'ida ya bi. Akwai ibada, akwai zaman shari'a, shaidu biyu kamar yadda doka ta nema, takarda da hatimi. Da a ce wani ya zo daga baya ya duba fayil, ba abin da zai gani. Sannan sarki yana da amsar da kowane shugaba yake bayarwa: ba na nan, ban sani ba, ban rubuta ba. Labarin bai karɓi wannan amsa ba. Hatiminka ne, kai ka ci moriya, kuma ka zaɓi kada ka yi tambaya. Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne dattawan nan. Garinsu ɗaya da Nabot, sun san shi, sun san ƙarya ce, wataƙila sun sha inabin gonarsa. Wasiƙa ta zo daga sama, suka aiwatar. In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu ba za mu taɓa zama Ahab ba, ba mu da fada. Kujerar dattawan nan ita ce tamu, a kwamitin kasuwa, a kwamitin masallaci, a zauren Sarkin Zango.

Da na ga haka sai na ci gaba da karatu, na tarar da wani wanda ya zo har cikin rumfarmu. Amos makiyayi ne daga Tekowa, ba ɗan gidan malamai ba, ya rayu kimanin shekara 750 kafin haihuwar Annabi Isa. Faɗansa da alƙalai masu karɓar toshiya ne, da kuma 'yan kasuwa: masu ƙosawa ranar ibada ta wuce su buɗe shago, masu rage mudu, masu murɗe sikeli, masu haɗa shara da alkama su sayar, masu mayar da talaka bawa saboda bashin da bai fi kuɗin takalmi ba. Duk wanda ya haddace Suratul Muɗaffifina zai ji ya san muryar. Limamin ɗakin ibada na Betel ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce masa ya koma garinsu, nan wurin ibadar sarki ne. Ka ga ke nan tun a wancan zamani akwai malamin fada da malamin kan titi. Maganar bashi ta tuna mini da wani abu daga ɓangaren waƙa. Wannan babbar waƙa ta Handel mai suna Messiah, wadda kusan kowace ƙungiyar mawaƙan coci a Gana take gwada wuyanta da ita, an fara rera ta ne a Dablin ta ƙasar Ailan a 1742 don tara sadaka, kuma da wani kaso na kuɗin aka fito da mutum 142 da aka ɗaure saboda bashi.

Wanda ya fi fito da wannan tunani fili a tarihinsu shi ne Ambros, bishop na birnin Milan. A shekara ta 390 mutanen Tasalonika suka yi bore suka kashe wani babban hafsan soja. Sojojin Sarkin Rum Tiyodosiyus suka rama a kan jama'ar gari, dubbai suka mutu, mai laifi da marar laifi. Sarkin nan Kirista ne mai riƙo, shi ne ma garkuwar cocin. Ambros ya rubuta masa wasiƙa tsakaninsu, ba a bainar jama'a ba, ya ce ba zai ba shi jibin Ubangiji ba sai ya tuba a fili. Sarkin da yake da rundunoni ya ajiye kayan sarauta ya tuba, kafin a karɓe shi a Kirsimetin shekarar. Marubutan tarihin coci sun ce daga nan aka sa dokar jinkirta hukuncin kisa kwana 30, don fushin mai mulki ya huce kafin takobi ya sauka. Shi Ambros ɗin nan ya rubuta littafi guda a kan Nabot, kuma shi ne ake ɗauka uban waƙar taro a cocin Yamma. A 386, da fada ta nemi karɓe wani coci, shi da jama'arsa suka kwana a ciki sojoji na kewaye, waƙa ce ta riƙe su. Sai dai kada a ɗauka mai tsawata wa sarki kullum shi ne mai gaskiya. A 388, da Kiristoci suka ƙone wurin ibadar Yahudawa a wani gari a bakin kogin Furatu, sarki ya ce a sake gina musu, Ambros ɗin nan ne ya matsa har aka janye umarnin. A ranar sarki ne mai adalci, malami ne ya karkatar da shi.

Almajirinsa Agustin ɗan Afirka ne, haifaffen ƙasar da yau take Aljeriya, ya yi bishop a garin da yanzu ake kira Annaba. Bayan an ci birnin Rum da yaƙi a 410 ya rubuta babban littafinsa, Birnin Allah. A ciki ya kawo labarin wani ɗan fashin teku da aka kama aka kai gaban Sarki Iskandar. Sarki ya tambaye shi dalilin da ya sa ya addabi teku, shi kuma ya nuna masa cewa sana'arsu ɗaya, bambancin kawai shi da ƙaramin jirgi yake yi, sarki da runduna. Abin da Agustin yake nufi shi ne, ƙungiyar 'yan fashi ma tana da shugaba, tana da yarjejeniya, tana da ƙa'idar rabon ganima. Tsari kaɗai ba ya raba hukuma da gungun ɓarayi, adalci ne yake raba su. Duk wanda ya taɓa ƙirga shingayen da ke tsakanin Seme da Aflawo da kaya a mota, ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Kada wani ya ce Alhaji ya zo yana yi wa maƙwabta kirari. Su da kansu sun san littafinsu yana da wata fuskar, inda Bulus a wasiƙarsa ga Romawa ya yi umarni da biyayya ga mahukunta, kuma azzalumai da yawa sun fake da wannan. Je ka gidan bayi na Cape Coast, za a nuna maka ɗakin ibada a sama, kurkukun bayi maza a ƙarƙashinsa. A Afirka ta Kudu coci ne ya nemo wa wariyar launin fata hujja, wani cocin kuma, irin na su Desmond Tutu, ya yaƙe ta. Mu ma muna da namu tabon. Dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, wadda ta ba iyayenmu kwana 14 su nemo takarda ko su bar Gana, gwamnatin Busia ce ta yi ta, shi kuwa mai wa'azi ne a cocin Methodist, mai karanta littafin da ya ce a riƙe baƙo kamar ɗan gida. A Janairun 1983 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta rama, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka kwashi kaya a jakar nan da har yau muke sayarwa da sunan wannan kora. Mai coci ya kori baƙo, mai masallaci ya kori baƙo. Ibadar shugaba ba ta taɓa zama lamuni ga talaka ba.

Suna da wata al'ada ta wanke ƙafa, koyi da abin da Linjila ta ce Annabi Isa ya yi wa almajiransa, don nuna cewa babba bawan jama'a ne. Fafaroma Francis a 2013 ya je gidan yarin yara a Rum ya wanke ƙafafun fursunoni 12, har da Musulmi a cikinsu, a 2019 kuma ya durƙusa ya sumbaci ƙafafun Salva Kiir da Riek Machar yana roƙonsu su riƙe zaman lafiya a Sudan ta Kudu. Abin yana taɓa zuciya. Amma ni ɗan kasuwa ne. Wanke ƙafa sau ɗaya a shekara ya fi sauƙi a kan buɗe littafin kuɗi sau ɗaya a wata.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Kwatano. A Fabrairun 1990 Jamhuriyar Benin ta durƙushe, ba albashi, bankuna sun rufe, Mathieu Kerekou yana kan mulki tun juyin 1972. Aka kira taron ƙasa daga 19 zuwa 28 ga wata, aka ɗora Bishop Isidore de Souza ya shugabance shi. Taron ya ayyana cewa hukuncinsa yana sama da na gwamnati. Soja suna hannun Kerekou, da ya ga dama da ya watsa su a yini ɗaya. De Souza ya riƙe zauren, ya kuma riƙe hanyar magana da shugaban, bai wulaƙanta shi ba, bai kuma sassauta ba. A ranar rufewa Kerekou ya amince. Aka yi zaɓe a 1991, Nicephore Soglo ya kayar da shi, ya sauka, har ya sake dawowa ta akwati a 1996. Nijar ma ta yi nata taron a 1991. A wannan labari mutum biyu ne suka yi aiki, mai faɗa da mai ji. Inda babu mai ji, abin da ya sami Akbishop Janani Luwum ne yake faruwa: ya kai wa Idi Amin takardar koke a kan kashe-kashe a Fabrairun 1977, cikin 'yan kwanaki aka kashe shi, gwamnati ta ce haɗarin mota ne.

Wani zai ce, duk wannan ai muna da shi. Ƙwarai kuwa. Muna da Sayyidina Umar da aka tsayar a kan mumbari aka tambaye shi inda ya samo ƙarin yadin rigarsa, ya kuma tsaya ya ba da amsa. Muna da Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu, inda ya jera zaluncin sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya, jangali, gaisuwa, da abin da ake tatsa a hannun masu sayarwa a kasuwa. Karatu ba mu rasa ba. Abin da na ga mun rasa a ƙungiyoyinmu na zango shi ne kujera, wato wurin zama sananne na wanda aikinsa ne ya ce a'a, ba tare da an kira shi ɗan tawaye ba. Ko waƙarmu ta fada ka duba. Narambaɗa gwanin zambo ne, amma zambonsa kan abokan hamayyar ubangidansa yake sauka, ubangida sai yabo. Haka muka tashi, haka muke tafiyar da taro: shugaba ya ja, mu amsa. A cocin su Maame, ta ce mini, duk Lahadi ana karanta abin da aka tara makon da ya wuce, shugabanninsu na ƙasa kuma zaɓensu ake yi na wa'adi, in ya cika su sauka. Ba wai mala'iku ba ne, su ma ana cin kuɗi a wurinsu, ana rigima har kotu. Amma wanda ya tashi ya yi tambaya yana da ƙafar tsayawa.

Saboda haka ga abin da zan kai taronmu na wata mai zuwa, kuma na faɗa wa shugaba baki da baki kafin in rubuta shi a nan, don kada ya fara gani a waya. A zaɓi mai binciken kuɗi daga cikin jama'a, wanda ba shugaba ne ya naɗa shi ba, ba kuma shi zai iya cire shi ba. Ma'aji ya riƙa karanta shiga da fita da baki a kowane taron wata, da Hausa, don da yawa daga cikin iyayenmu mata ba sa karanta boko. Duk hukuncin da zai raba mutum da rumfarsa kada ya fara aiki sai bayan kwana 30, kuma sai mai rumfar ya zauna an ji ta bakinsa. Wannan na ƙarshe daga Milan na aro shi, ban ɓoye ba.

Na riga na ji abin da ake faɗa a bayan fage. Wasu sun ce tonon asiri ne a ƙasar mutane, baƙo ba ya wanke tsummansa a bakin titi. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba, don mun san yadda rigimar cikin gida take ba wasu ƙofar shigowa su rufe mana shaguna. Amsata ita ce matar nan ta riga ta fara tunanin kai ƙara wurin hukumar kasuwa, kuma in ta kai, ranar ce asirin zai tonu da gaske. Wasu kuma sun ce shugaba mutumin kirki ne, ya kai mutane Makka, ya biya wa marasa lafiya kuɗin asibiti. Haka ne, ni shaida ne. Ban ce ya ci ko sisi ba. Na ce hatiminsa ne a kan takardar.

Rasit ɗin kuɗin wata na marigayin suna nan, matarsa ta same su a cikin wata tsohuwar jakar goro, an ɗaure da roba, har na watan da ya kwanta ciwo. Na roƙi sakatare ya sa maganarta ta zama ta farko a ajanda, kafin mutane su fara zamewa sallar La'asar. Duk ɗan ƙungiya da yake gari ran nan, ya zo da katinsa.